Idan Kuskure Ya Faru A Asibiti: Yadda Za A Riƙe Ma'aikacin Da Abin Ya Faru A Hannunsa

A ce ƙarfe uku ne na dare a ɗakin yara, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Nas ɗaya ce a kan aiki, sai ɗaliba da ke taya ta. A ɗakin akwai Aisha uku. Biyu daga cikinsu suna jiran ƙarin jini. An kawo leda ɗaya daga lab, an ɗauke wuta, ana haska fayil da fitilar waya, ga wata uwa tana kuka ɗanta na jijjiga a gadon ƙarshe. Jinin wannan Aishar aka ɗaura wa waccan. Bayan 'yan mintoci yarinya ta fara rawar ɗari, numfashinta ya canza.

Abin da za a yi wa yarinyar kowa ya sani: a tsayar da jinin, a bar jijiya a buɗe da ruwa, a kira likita, a mayar da ledar lab tare da samfurin jininta. Wannan yana cikin littafi, an kuma yi jarabawa a kansa. Abin da ba a koyar da shi a makarantar jinya ko ta likitanci shi ne me za a yi da nas ɗin da ke tsaye a bakin gadon, hannunta na rawa, saura mata awa biyar a tashi aiki, ga sauran yara suna jiran allurar asuba.

A shekarar 2000 wani likita na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Albert Wu, ya yi wani ɗan gajeren rubutu a mujallar likitoci ta BMJ inda ya kira irin wannan ma'aikaci mutum na biyu da kuskuren ya raunata. Na farko shi ne mara lafiya da danginsa. Sunan ya bazu, amma a 2019 wasu iyalai da suka rasa 'yan uwansu ta kuskuren asibiti suka rubuta a wannan mujallar cewa a daina amfani da shi, domin yana sa wanda abin ya faru a hannunsa ya zama kamar ba shi da alhaki. Ina ganin suna da gaskiyarsu. Uwar da aka miƙa wa gawar 'yarta ba tsarar kowa ba ce a baƙin ciki. Amma ko me za a kira shi, ciwon da ke kama ma'aikacin yana nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mara lafiya ɗaya cikin 10 yana samun wata cutarwa a wajen neman magani, fiye da rabinta kuma ana iya kauce mata. Ke nan duk wanda ya daɗe yana aikin asibiti ranar za ta zo masa, ko ta zo wa na kusa da shi.

Wannan jagora na shugabannin ɗakuna ne, da manyan likitoci, da matiron, da duk abokin aikin da ya tsinci kansa a wurin.

Sa'a ta farko

Mara lafiya ne farko, babu gardama. Amma da zarar wani ya karɓi kulawarsa, shugaban da ke wurin ya ware mutum ɗaya ya ce masa: kai, ka tsaya da nas ɗin. Idan ba a kama sunan wani ba, kowa zai zaci wani ya yi, a ƙarshe a same ta ita kaɗai a bayan ɗakin magani.

A fitar da ita daga idon jama'a. Ofishin matiron, ɗakin hutun ma'aikata, ko da ɗakin ajiyar kaya ne, muddin akwai ƙofa da kujera. A asibitocinmu wannan yana da wani dalili na daban: masu jinya suna cike da baranda, labari yana yawo da sauri, kuma an sha dukan ma'aikatan lafiya a kan abin da bai kai wannan ba. Idan an ga alamar hayaniya, a sanar da masu gadi tun kafin ta tashi, kuma kada a bari a nuna wa dangi wata da yatsa a ce ga ta can.

Sai a karɓe mata aikin hannu na ɗan lokaci. Wanda ya firgita ba ya lissafin magani daidai, kuskure na biyu yana kusa. Amma yadda za a faɗa mata shi ne komai. "Sista, zauna ki sha ruwa, ni zan ba da allurar ƙarfe huɗu, in kin dawo hayyacinki sai mu ga abin da ya rage" daban yake da "Ajiye komai ki fita." Na farko hutu ne, na biyu kora ce. A Seattle ta Amurka, cikin watan Satumba na 2010, wata nas da ta shekara 24 tana aiki a asibitin yara ta ba wa jaririya giram 1.4 na sinadarin kalsiyam maimakon miligiram 140, wato ninki goma. Ita da kanta ta kai rahoton kanta. Aka raka ta waje, aka dakatar da ita, daga baya aka sallame ta. A watan Afrilu na 2011 ta kashe kanta. Masu koyar da wannan fanni sukan kawo labarinta.

Kafin ta tafi gida, a taya ta rubuta abin da ya faru a fayil: ƙarfe nawa, me aka ba da, nawa, me aka gani, wa aka kira, me aka yi. Iyakar abin da ya faru ke nan, ban da zato, ban da zagin kai irin "sakacina ne". Kuma a faɗa mata a fili, ko da ba ta tambaya ba: kada ta goge komai, kada ta sake rubuta shafi, kada ta gyara lokaci. Mutumin kirki ma in tsoro ya kama shi yana iya yin haka, kuma kuskuren da za a iya yafewa yakan koma laifin da ba shi da magani saboda biro ɗaya. In akwai abin da aka manta, a ƙara shi a ƙasa da kwanan wata da sa'ar da aka ƙara.

Abin da za a ce, da abin da za a haɗiye

A nan mu Hausawa muna da kalmomi biyu da ke zuwa baki da wuri, kuma dukansu suna rufe ƙofa.

Ta farko ita ce ta ta'aziyya: "Haƙuri za ki yi, kwananta ne ya ƙare, babu wanda ya isa ya ƙara mata minti ɗaya." Gaskiya ce a aƙida, kuma lokacinta zai zo. Amma in an faɗe ta a minti na biyar, abin da mai kuskuren ke ji shi ne: a rufe zancen. Ita kuwa ta san da hannunta ta ɗaura ledar. Za ta ce "haka ne", ta yi shiru, ta tafi da abin gida. Ta biyu ita ce ta tuhuma: "Garin yaya? Ba ki duba suna ba?" Wannan tambaya tana da ranarta da wurinta, amma ba yanzu ba, kuma ba daga bakin wanda ya zo rarrashi ba.

Akwai wasu 'yan uwansu: "Ai ba komai ba ne", alhali komai ne. "Ni da ni ce da ban yi haka ba." "Ki daure mana, ke fa babba ce." Da kuma "kada ki gaya wa kowa", wadda ake faɗa da niyyar rufin asiri amma takan mayar da mutum fursunan sirrinsa.

Abin da ke aiki ba shi da ado. A zauna, kada a tsaya a kanta. A ce: "Sannu, ƙanwata. Wannan abu mai nauyi ne. Ina nan, ba inda za ni." Sai a yi shiru. Idan ta fara magana a bar ta ta kai ƙarshe, ko da ta maimaita abu ɗaya sau biyar. Idan ba ta son magana kada a matsa. Littafin taimakon gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya taƙaita aikin a abu uku: duba, saurara, sannan haɗa mutum da abin da yake buƙata. Hukumar ta kuma ja kunne a kan wata al'ada da ta taɓa yin tashe, ta tara mutane nan take a sa kowa ya zayyana abin da ya gani da abin da ya ji dalla-dalla a zama ɗaya. Bincike bai nuna tana hana ciwon firgici ba, wasu ma takan dagula musu.

Magana ɗaya da na ga tana sauke nauyi fiye da kowace ita ce ta babba da ya yarda ya buɗe nasa. Babban likita ya dubi ƙaramin likita mai neman ƙwarewa ya ce, "Dakta, ni ma a shekarata ta biyu na taɓa yin wanda har yau ina tuna shi." Ba sai ya ba da dogon labari ba, kada zaman ya koma nasa. Jimla biyu sun isa yaron ya gane cewa wanda yake girmamawa ya bi ta wannan hanya kuma bai daina zama likita ba. Manyanmu ba su cika yin haka ba, don suna ganin zubar da girma ne. Ni ban taɓa ganin girman wani ya ragu da ita ba.

Kada a yi alkawarin da ba a da iko da shi. "Babu abin da zai same ki" ba a hannunka yake ba. Ka ce abin da za ka iya cikawa: "Zan gaya miki duk matakin da za a ɗauka kafin a ɗauka, kuma ranar da za a kira ki zan raka ki."

Daren farko da kwana ukun da ke biye

Kada ta tuƙa mota ko ta hau hanya ita kaɗai a wannan hali. A samu wanda zai kai ta. A tambaya wa ke gida. A kira ta da yamma, a sake kira washegari. Kira, ba saƙo ba, domin murya tana tona abin da rubutu ke ɓoyewa.

A ja kunnen ɗaki gaba ɗaya a kan WhatsApp. Rukunin ma'aikata ba wurin tattauna wa ya yi ba ne, kuma hoton fayil ko na mara lafiya bai kamata ya shiga wayar kowa ba. Abin da aka tura wa mutum goma da daddare, da safe yana Facebook da sunanta da hotonta.

Sai a gaya mata abin da jikinta zai yi, don kada ta zaci hauka take yi. Barci zai ƙaurace. Abin zai riƙa dawo mata kamar ana haska mata shi, tana salla, tana girki. Za ta ji faɗuwar gaba in waya ta yi ƙara, abinci ya fita ranta, ta riƙa duba magani sau huɗu kafin ta ba da, ta ji kamar kowa a asibitin ita yake kallo. Susan Scott, wata ma'aikaciyar jinya a asibitin jami'ar Missouri, ta zauna da likitoci da nas-nas da sauran ma'aikata 31 da irin wannan ya faru da su, ta wallafa a 2009 cewa kusan hanya ɗaya suke bi: ruɗewar farko, sai tunanin da ke kutsowa ba a gayyace shi ba, sai neman wanda zai tabbatar musu har yanzu ana ganin mutuncinsu, sai zaman jiran bincike, sai neman inda za su sauke abin da ke ransu. A ƙarshe hanya takan rabu uku. Wasu su bar aikin ko su canza sashe. Wasu su ci gaba da zuwa aiki amma abin na cinsu a ɓoye. Wasu kuma su warke har su zama masu gyara. Abin da ke raba ukun, galibi, shi ne yadda aka yi da su a makonnin farko.

Batun hutu kuwa a tambaye ta. Wata kwana biyu a gida zai yi mata amfani, wata kuma zaman gida shi ne azabar, gara ta zo a ba ta aiki mara nauyi. Abin gudu shi ne hutun da babu ranar dawowa kuma babu mai kira.

Fuskantar dangi

Faɗa wa dangi gaskiya haƙƙinsu ne. A Ingila ya zama doka tun 2014, a Najeriya kuma kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya tanadi haƙƙin samun bayani. Amma wannan aikin babba ne. Babban likitan da mara lafiya ke hannunsa da shugabar ɗaki su ne za su zauna da su, a keɓe, da mai faɗa a ji na gidan, a yi bayani da Hausar da za su gane, a ba da haƙuri da gaske, a faɗi abin da ake yi don kada a sake. Tura ƙaramar nas ta je ta yi bayani ita kaɗai zalunci ne.

Wasu ma'aikatan sukan so su halarta, ko su je gaisuwa daga baya, su nemi yafiya da bakinsu. Idan dangi sun amince kuma babu barazana, kada a hana. Mutane da yawa ba sa samun barci sai sun yi. Amma da rakiya, da sanin hukumar asibiti, kuma a shirya mata zuciya cewa ba dole ba ne a yafe. Idan kuma an kai ga lauya ko 'yan sanda, sai a nemi shawarar lauyan asibiti da ƙungiyarta kafin kowace ziyara.

Bincike: inda aka fi ɓata komai

Dole a yi bincike. Riƙe ma'aikaci ba wanke shi ba ne, kuma duk wanda ya haɗa biyun ya cuci mara lafiya na gaba. Sai dai a raba hannu: wanda ke rarrashi ba shi ne mai bincike ba, kuma abin da aka faɗa masa a zaman rarrashi ba ya shiga rahoto. In mutum ɗaya ya riƙe biyun, babu wanda zai sake buɗe masa baki.

Al'adar ofis a wurinmu ita ce kweri: takarda ta iso da safe, a ba ka awa 24 ka yi bayanin dalilin da ba za a hukunta ka ba. Kweri yana neman mutum ɗaya, kuma kusan kullum a kan mafi ƙanƙanta yake sauka. Ba ya tambayar me ya sa nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda da daddare, me ya sa babu abin ɗaurawa a hannun yara mai ɗauke da suna da lambar asibiti, me ya sa janareta bai tashi ba, me ya sa babu mutum na biyu da zai karanta ledar jini tare da ita kamar yadda ƙa'ida ta ce. James Reason, masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Manchester, ya kwatanta kariyar asibiti da yanka-yankan cuku mai huji: kowane yanki yana da ramuka, ɓarna ba ta wucewa sai ranar da ramukan suka yi saiti. Mu da tamu maganar: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hannun da ya taɓa mara lafiya a ƙarshe shi ake gani, amma tsagar ta daɗe.

Hanya mai sauƙi ta yin adalci ita ce a tambayi abokan aiki biyu ko uku masu irin iliminta da shekarunta: da ku ne a wannan dare, da wannan yawan yara, da wannan duhu, za ku iya yin irin wannan? In suka ce e, to tsarin ne ke da ciwo. Daga nan a bambanta abu uku. Akwai tuntuɓe na ɗan Adam, wanda maganinsa rarrashi da gyaran tsari. Akwai yanke hanya da ya zama al'adar ɗaki har kowa ya daina ganin haɗarinsa, wanda maganinsa horo ga kowa, har da shugaban da ya gani ya kau da kai. Akwai kuma ganganci: zuwa aiki a buge, barin ɗaki a tafi asibitin kuɗi, ƙin zuwa bayan an kira sau uku. Wannan hukunci ne maganinsa, ba wanda ya ce a shafa masa mai. Ko shi ma a lura da lafiyar ransa yayin da ake hukunta shi.

Masu aikin ɗakin haihuwa sun riga sun san irin wannan zama, domin tsarin bitar mutuwar mata masu juna biyu da jarirai da ake gudanarwa a jihohin Najeriya an gina shi ne a kan kada a kama suna, kada a ɗora laifi. Abin da ya rage shi ne a riƙe shi da gaske, a kuma kai shi sauran ɗakuna.

Labarin Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya da ta yi aikin likitan yara a Leicester ta Ingila, ya ishi mai tunani. A watan Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta sakamakon ƙwayar cuta da ta shiga jininsa. Ta yi kurakurai, ba ta musa ba. Amma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ana ƙarancin ma'aikata a ranar, na'urar kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwaji ta tsaya na awanni. A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta mummunan sakaci, a watan Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci, sai a watan Agusta na shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi, bayan likitoci sun tara mata sama da fam dubu 300 na shari'a. Shekara bakwai ke nan tana cikin abu ɗaya. Akwai nas da aka hukunta tare da ita a shari'ar, aka kuma soke sunanta. Ita ba ta samu irin wannan gangamin ba. A Amurka ma, a 2022, an samu nas RaDonda Vaught da laifi a kan maganin da ta ba da bisa kuskure a 2017, duk da ita ta faɗi abin da ta yi nan take. Abin da ƙungiyoyin ma'aikatan jinya suka yi ta faɗa a lokacin shi ne: in wanda ya faɗi gaskiya wannan ne sakamakonsa, gobe wa zai faɗa?

Don haka a aikace: a gaya mata su wa za su zauna, yaushe, me za a tambaya, kuma yaushe za a ji sakamako. A bar ta ta zo da abokiyar aiki ko wakilin ƙungiya, NANNM ga nas-nas da ungozomomi, NARD ko NMA ga likitoci. In zancen ya kai majalisar da ke ba da lasisi, MDCN ta likitoci ko ta ma'aikatan jinya da ungozoma, ta nemi lauya da wuri. Kuma kada a bar ta wata uku ba labari. Ko babu sabon abu, a kira a ce babu sabon abu.

Tambayar da ba a yi wa matiron

"Shin na yi kisan kai? Akwai kaffara a kaina?" Wannan ita ke hana Musulmin ma'aikaci barci, kuma ba zai kai ta ofis ba. Kada abokin aiki ya yi fatawa, ko ta sassauci ko ta tsanani. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan lamunin likita; Ibnul Ƙayyim ya kasa masu magani kashi biyar, ya bambanta gwanin da aka ba izini ya yi aikinsa yadda ya kamata, da gwanin da hannunsa ya kuskure, da jahilin da ya shiga abin da bai sani ba. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A haɗa ta da malami mai ilimi da natsuwa da riƙon sirri, wanda zai saurari yadda abin ya faru kafin ya yi magana. Sau da yawa sanin abin da ke kanta, ko da akwai abin yi, ya fi mata sauƙi a kan zaman zullumi. Kirista kuma a haɗa shi da fastonsa ko fada. A nan ne maganar ƙaddara ke samun gurbinta, bayan an faɗi gaskiya, ba a madadinta ba.

Lokacin da abin ya fi ƙarfin abokan aiki

Tsarin tallafa wa irin waɗannan ma'aikata mai suna forYOU da Scott da abokanta suka kafa a Missouri hawa uku ne. Sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 kulawar 'yan ɗakinsu ta ishe su, kashi 30 suna buƙatar abokin aiki da aka horar musamman, kashi 10 kuma sai ƙwararre. Aikin shugaba shi ne gane 'yan kashi goman nan.

Idan wata guda ya wuce abin bai lafa ba, mafarkai na nan, tana guje wa ɗakin ko irin wannan aikin, ta daina shiga mutane, ko aikin ya gagara, to lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya ya yi. A sa ido a kan maganin barci da na kashe zafi, domin ma'aikacin asibiti makullin kabad ɗin yana aljihunsa. Idan kuma aka ji kalmomi irin "gara ma in huta", "ba ni da amfani", "ku yafe ni", ba a jiran wata guda. A tambaya kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a nisanta ta da magunguna, a kai ta ga likita a ranar. Sashe na 231 na dokar Penal Code, wato dokar laifuffuka ta Arewacin Najeriya, ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, ga kuma tsoron zunubi da abin kunya, shi ya sa ba za ta fara faɗa da kanta ba.

Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da Dawanau a Kano. Sai dai ma'aikaci ba zai so ya zauna a layin asibitin da yake aiki ba, kowa na wucewa yana gaishe shi. A shirya masa ganawa a keɓe, ko a wani asibitin.

Kafa 'yan riƙo tun kafin a buƙace su

Johns Hopkins sun kafa tawagar abokan aiki masu riƙe irin wannan ma'aikaci mai suna RISE a 2011, da lambar da ake kira dare da rana. Babban asibitin ƙaramar hukuma ba shi da kuɗin wannan, kuma ba sai da kuɗi ba. A zaɓi mutum biyar ko shida daga sassa daban-daban, maza da mata, ba don muƙami ba, sai don an san bakinsu da nauyi; kowane asibiti ya san Antin da ake zuwa wajenta in abu ya yi zafi. A nemi likitan ƙwaƙwalwa ya ba su horon yini ɗaya ko biyu. A sayi layin waya ɗaya da zai riƙa zagayawa tsakaninsu. A rubuta ƙa'ida shafi guda, shugaban asibiti ya sa hannu: ba a rubuta abin da aka tattauna, ba a kai shi ofis, sai in rai na cikin haɗari. Su ne za su fara kira, kada a jira mai ciwo ya nema, domin kunya ba za ta bar shi ba. Su ma su riƙa haɗuwa wata-wata su sauke nasu.

Kuma kada a taƙaita shi ga kuskure. Ungozomar da mace ta zubar da jini ta rasu a hannunta don babu jini a banki ba ta yi laifin komai ba, amma ita ma ba ta barci. Haka ɗalibar da ta riƙe fitilar waya a daren nan, da ma'aikacin lab da ya miƙo ledar, da mai sharar da ya wanke gadon.

Ranar da nas ɗin za ta dawo, shugabar ɗaki ta tarbe ta da kanta, ta gaishe ta kamar kullum a gaban kowa. Kada a sa ta dutin dare ita kaɗai a makonnin farko, kada kuma a ɗauke ta a jefa ta wani sashe ba tare da an tambaye ta ba, don kowa zai karanta shi a matsayin hukunci. In za a sake tsarin duba jini a ɗakin, a sa ta cikin masu tsarawa, ita ta fi kowa sanin inda ramin yake. Ƙarin jini na farko da za ta ɗaura, wata babba ta tsaya kusa da ita, ɗaya ta karanta suna da lamba da rukunin jini a jikin leda da ƙarfi, ɗaya ta bi a fayil da hannun yaron, su sa hannu su biyu.